Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Fanshon Kaduna Masu Koyon Sinanci

Assalamu alaikum. Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena a ritaya, barkanmu da war haka. Ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya kuma jiran alat?

A 'yan watannin nan maganar koyon Sinanci ta yawaita a bakin tsofaffin ma'aikata a garin nan. Ana yin ta a layin tantance 'yan fansho, ana yin ta a ƙofar masallaci bayan isha'i da harabar coci bayan an tashi. Wani ɗansa ne ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya, yana so ya riƙa taya shi magana da masu kamfani. Wata 'yarta ce ke karatu a can, tana da niyyar kai mata ziyara. Wani kuwa zaman gida ne kawai ya ishe shi. Ni tsohon malamin Hausa ne na sakandare, na ɗan riga ku fara wannan karatu, kuma ina ganin yadda mutanenmu ke ɗaukarsa da zafi, kafin a je ko'ina littafin ya koma ƙarƙashin gado. In an tambaya sai a ce tsufa ne. Ni ban yarda ba. Hanyar da ake ɗora mu a kai ce ba tamu ba, an shata ta ne domin yaro mai neman takardar shaida da gurbin karatu.

Masu yi muku dariya suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta gefen lafazi suna da gaskiya, babu ɗayanmu da zai yi magana a ɗauka haifaffen Beijing ne. Amma iyayenmu da furfurarsu suka zauna ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, suka fito suna karanta jarida da rubuta wasiƙa. Kuma ku saurari Sinawan da ke sashen Hausa na rediyon ƙasarsu, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1963. Daga jin Hausarsu ka san ba a nono suka sha ta ba, amma wa ya taɓa kashe rediyo saboda haka? Yaba musu muke yi. Haka su ma za su karɓe ku.

Kafin ka kashe ko kwabo, zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: da wa zan yi magana, kuma a kan me? Mai taya ɗansa kasuwanci lissafi yake buƙata, da farashi, da launi, da girman kaya, da ranar lodi. Mai zuwa ziyara tana buƙatar maganar filin jirgi, tasi, abinci da asibiti. Kowa ya tsaya a kan nasa. Littafin da ya buɗe da darasin ɗakin kwanan ɗalibai da wasan ƙwallon kwando ba da ku yake ba, ku tsallake shafin ba tare da jin nauyi ba. Sannan ku tabbata abin da ake koya muku Putonghua ne, wato daidaitaccen Sinanci na makaranta da rediyo. A Guangzhou da Hong Kong 'yan gari suna da nasu yaren, Kantonanci, wanda mutumin Beijing ba ya ji, sai dai a kasuwannin Guangzhou Putonghua ya wadatar. Ina faɗar wannan ne musamman saboda tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri. Waɗanda suka yi aiki a UNTL, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, sun zauna da Sinawa tun kafin a ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashen biyu a 1971. In kun tsinci wasu kalmomi daga bakin injiniyoyin wancan zamani, ku baje su gaban malami ya tantance, mai yiwuwa na wani yaren ne daban.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne arzikinmu yake, kuma littattafan da ake shigo mana da su ba su san da shi ba. An rubuta su ne domin Turawa, waɗanda harshensu ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, shi ya sa suke ta tsoratar da mai karatu da shi. Mu kuwa da shi muka tashi. Babu Bahaushen da zai rikita kukan yaro da kukar miya, alhali baƙaƙe da wasula duk ɗaya ne, tashi da saukar murya a gaɓar ƙarshe ne kawai ya raba su. Matsalarmu ita ce rubutun boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka muna yin sa ba mu san muna yi ba.

A Hausa muna da karin sama, da karin ƙasa, da faɗau. A Putonghua huɗu ne manya, da wani ƙarami mara nauyi. Na farko sama ne a miƙe, muna da shi. Na huɗu faɗau ne mai ƙarfi, irin wanda ke cikin "yau" ko "kai" na jiki, shi ma muna da shi. Na uku, wanda ake zana wa alama mai kama da ƙwarya, a yawancin magana ƙasa kawai yake zama, sai kalmar ta tsaya ita kaɗai ko ta zo ƙarshen zance ne ake jin ya nitse ya ɗago. Wato uku cikin huɗu suna bakinmu tun muna goye. Ga misalin da ya shafi aljihu: saye da sayarwa a Sinanci duk "mai" ne. Na saye, mǎi, faɗe shi kamar "mai" ɗin da ke cikin "mai gida". Na sayarwa, mài, faɗe shi kamar "mai" ɗin da ke cikin "an ƙara kuɗin mai". Bature sai ya yi mako yana fama da wannan. Ke Hajiya, yanzu da kika karanta, kin riga kin iya.

Na biyu ne baƙonmu, mai hawa daga tsakiya zuwa sama. Ba mu da shi a cikin kalma, amma muna yin sa idan aka yi magana ba mu ji ba muka ce "Iye?" A nan za ku zuba ƙarfinku. Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da za ku lura da ita: mukan ɗaga murya a ƙarshen tambaya, kuma muryarmu takan yi ta gangarowa in jimla ta yi tsawo. A Sinanci in ka ɗaga inda bai kamata ba ka canza kalmar. Su sukan liƙa "ma" ne a ƙarshen zance ya zama tambaya, kusan yadda muke liƙa "ko". Kada ku haddace kalma ku ce karin sautinta sai daga baya. Wanda ya riƙe kalma babu karinta bai riƙe ta ba.

Tarkon da ya fi kama masu ilimin boko shi ne pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan da muka sani. An amince da shi a 1958, kuma wanda ya jagoranci aikin, Zhou Youguang, masanin tattalin arziki ne da ya koma harkar harshe yana dab da shekara 50, ya kuma rayu har 111 kafin rasuwarsa a 2017. Wannan na kawo ne domin masu ganin rayuwa ta ƙare ranar da aka karɓi makullin ofis. To, da yake haruffan irin namu ne, ido sai ya yi saurin karanta su da Hausa. Harafin "c" a wurinmu na "ciki" ne, a pinyin kuwa ya fi kusa da "ts" mai fitar da iska. Harafin "q" shi ne ya fi kusa da "c" ɗinmu, "x" kuma da "sh". Bambancin "b" da "p", ko "d" da "t", ko "g" da "k", na iska ne: riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ka faɗi na biyun ta motsa, in ka faɗi na farkon ta tsaya. Sannan ga tsohuwar rigimarmu da "f" da "p", waɗanda a wurinsu baƙaƙe biyu ne da ba sa haɗa hanya. Maganin duk wannan ɗaya ne: kunne ya riga ido. Kada ka kalli kalma a rubuce sai ka ji ta sau da yawa daga bakin mai harshen.

Tunda maganar kunne ta zo, bari in faɗi abin da dattawa ba sa son ji. Idan shekaru suka ja, sautuka masu kaifi su ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "c", kuma Sinanci cike yake da danginsu. Mutum sai ya yi ta zargin ƙwaƙwalwarsa alhali kunnen ne bai kai saƙon ba. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan Kaduna take, haka ma cibiyar ido ta ƙasa. Ku je a auna ku. Tabarau mai kyau da abin sauraro mai rufe kunne sun fi muku littafi na uku amfani.

Nahawu ba zai wahalar da ku ba, ba sai na daɗe a kansa ba. Aikatau ba ya canza siffa, sai dai a ce jiya ko gobe, ko a ƙara 'yar ƙaramar kalma. Babu jam'i irin namu da ke mai da doki dawaki, gida gidaje. Babu jinsi: namiji da mace a magana duk "tā" ne, abin da ke sa maza 'yan ajinmu gyaran murya. Idan za a ƙirga abu akan sa wata kalma tsakanin adadi da sunansa, mafi yawa "ge", wadda ke aiki kusan irin na "guda". Inda za ku buɗe ido shi ne manyan lambobi, domin da dubu goma-goma suke ƙirga, suna kiranta wàn. Dubu ɗari a wurinsu wàn goma ne, miliyan ɗaya wàn ɗari. Duk iyawarka, in maganar kuɗi ce a buga a kalkuleta kowa ya gani.

Sai rubutunsu, wanda shi ke korar mutane. Jerin da hukumomin ƙasar suka fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, kuma 3,500 daga ciki su ne na yau da kullum. Yaran Sin shekaru suke yi suna rubuta su a makaranta. Ra'ayina, kuma na san akwai malaman da za su yi musu da ni, shi ne a watannin farko ku bar su gaba ɗaya, sai baki ya ɗan faɗa. In kun fara kuma, ganewa za ku nema, ba rubutawa da hannu ba. A waya ana ƙara madannin Sinanci cikin saituna, ka buga "nihao", wato sannu, da haruffan boko, wayar ta jero maka haruffa ka zaɓi 你好. Haka su kansu Sinawan ke tura saƙo. Ku fara da waɗanda za su fisshe ku: 男 da 女 a ƙofar bayan gida, 入口 mashiga, 出口 mafita. Musulmi ya riƙe 清真, alamar gidan abincin halal, da 猪 alade, da 酒 giya. Ya kuma san cewa in an rubuta 肉, nama, ba a faɗi na wace dabba ba, galibi na alade ake nufi. Za a nuna muku 木 itace da 林 kurmi a ce ai duk zane ne. Kaɗan ne haka. Mafi yawansu ɓangare biyu ne, ɗaya na nuna dangin ma'ana, ɗaya na nuna lafazi: 妈, uwa, mace ce a hagu, doki a dama, dokin kuma ba don komai yake wurin ba sai don sunansa "ma". Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala. Ku nemi sauƙaƙƙen rubutu na babban yankin ƙasar, domin Taiwan da Hong Kong tsohon suke amfani da shi. Masu son ajami kuma ga abin da zai faranta muku: Musulman Sin suna da nasu, xiao'erjing, Sinanci da haruffan Larabci.

Wanda hannunsa ke son rubutu don nishaɗi ya yi, babu laifi, amma da alli a kan allo, manya-manya, ba cikin 'yan akwatunan littafin yara da ke sa ido hawaye ba.

Yadda za a yi karatun kuwa, ba sai mun aro daga ko'ina ba. Makarantar allo ta riga ta tsara shi: ƙari kaɗan, a biya da murya, ba a wanke allo sai an riƙe, ga tilawa kullum, ga tishe. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan abin da mutum ya koya yana zubewa ne cikin kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba, kuma manhajojin tilawa irin su Anki a kan wannan aka gina su. Kalma uku a rana ta isa, amma a cikin jimla, ba tsurarta ba. Minti ashirin da sassafe kafin gida ya tashi, wani ashirin ɗin da yamma, ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Ku sauke darussan murya a waya lokacin da akwai wuta da data. Ƙamus ɗin Pleco kyauta ne, kuma yana aiki ko babu intanet.

Kada kuma ka yi shi kai kaɗai. Namu ajin a garejin wani tsohon ma'aikacin reluwe muke yi bayan la'asar, an tura motar waje, an shimfiɗa tabarma, masu ciwon gwiwa suna kan kujerun roba. Wayar ana jefa ta cikin kwanon silba don sautin ya ƙaru. Wata tsohuwar nas ce ke zama mai shago, da tulin kayan kicin ɗin matar gidan a gabanta. Kowa ya zo ya ɗaga abu ya ce "duōshao qián", nawa ne, ta yanka masa farashi, ya dafe ƙirji ya ce "tài guì le", ya yi tsada. Ran nan mai gidan ya zo sayen ludayi ya faɗi karin da bai dace ba, ta miƙa hannu ta ce to kawo ludayin tunda sayarwa ka zo yi. Jikoki na leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya. Har yau babu wanda ya sake rikita "mai" na saye da na sayarwa a cikinmu. Jimloli biyu da muke buɗe kowane zama da su su ne "màn yìdiǎn", a ɗan sassauta, da "zài shuō yí biàn", a sake faɗa. Dattijon da ya riƙe su ba zai tsaya yana gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba.

Maganar kuɗi. Duk wanda ya ce zai sa ka iya Sinanci cikin wata uku, fanshonka yake hange. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta kusan awa 2,200 na aji kafin ma'aikacinta ya kai matakin yin aiki da harshen. A awa ɗaya kullum, shekara shida ke nan. Mu ba can muka nufa ba, gaisuwa da ciniki da tambayar hanya ba sa buƙatar ko kusa da haka, amma ku san girman abin don kada a ruɗe ku. Kada ku biya kuɗin shekara guda a manhajar da ba ku gwada ba, kuma kada ku bar lambar katinku a cikinta tana zarar kuɗi duk wata. Haka masu tallar cewa koyon harshe maganin mantuwar tsufa ne. Karatu da shiga mutane suna da amfani ga dattijo, amma ba su maye gurbin likita da maganin hawan jini ba.

Jarrabawar HSK, wadda ake auna iya Sinancin baƙi da ita, ba dole ba ce a kanku. A tsohon tsarinta mai matakai shida, matakin farko kalmomi 150 ne, na biyu 300, na uku 600. Jerin kalmomin yana da kyau a matsayin ma'auni, mutum ya san inda ya kai. Amma babu mai jiran takardarku, kuma cibiyoyin koyar da Sinanci na Confucius da ke Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ba nan kusa ba ne ga mai ciwon baya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi ganin yana kashe ajin dattawa, kuma daga tarbiyyarmu ya fito. Malaman da za ku samu a Kaduna yawanci yaranmu ne da suka yi karatu a Sin suka dawo, sa'o'in 'ya'yanku ko jikokinku. Yaro mai kunya ba zai iya kallon idon tsohon darakta ya ce masa "Baba, ba haka ba ne" sau biyar a jere ba. Sau ɗaya zai gyara, a na biyu ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kyau. Da haka za ka yi wata shida kana haddace kuskure ana yi maka sannu da ƙoƙari. Tun ranar farko ku zaunar da shi ku ba shi izini a fili. Ku ce masa a cikin wannan awa shi ne lǎoshī, wato malam, ku ne ɗalibai, kuma kuɗin gyara kuke biya ba kuɗin yabo ba. In ya gyara maka kada ka haɗa rai, kada ka kawo masa tarihin muƙaman da ka riƙe. Ku ce ya riƙa ɗaukar muryarku a waya yana kunna muku kusa da ta mai harshen, kunnenku ya yi alƙalanci, shi kuma ya huta da jin nauyi. Ku haɗa kuɗi ku biya shi a kan kari, domin mu da muka san ɗacin jiran haƙƙi bai kamata wani ya jira namu ba.

A ƙasar Sin akwai makarantu na musamman domin masu ritaya, na farkonsu an buɗe shi a lardin Shandong a 1983, inda tsofaffi ke koyon harsuna da zane da kwamfuta. Ba na cewa a gina mana irinsu gobe. Abin da muke buƙata ɗaki ne mai fanka da allo, a ƙasa ba a bene ba, sau biyu a mako da hantsi. Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ɗakin karatu na jiha duk suna da ɗakuna, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka koyar da shugabannin wuraren nan. Shawarata ita ce masu ajin Barnawa da Kawo da Tudun Wada da Malali su haɗa sunayensu a takarda ɗaya, a zaɓi mutum uku su kai buƙatar a rubuce, a kuma nemi aji ɗaya na mata zalla domin Hajiyoyin da ba za su saki baki a gaban maza ba. Kafin a ji amsa, gareji da zaure suna nan.

Allah Ya ƙara mana lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin Hausa mai ritaya,
Unguwar Rimi, Kaduna.